Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Fintiri Kan Albashin Masu Allurar Barci

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Adamawa,
Alhaji Ahmadu Umaru Fintiri,
Gidan Gwamnati, Yola.

Ranka ya daɗe,

 Na rubuto ne a kan wasu ma'aikatan lafiya da ba a cika jin sunansu ba, ko a rediyo ko a zauren majalisa. Su ne ma'aikatan jinyar da suka ƙware wajen sa majiyyaci barci ko kashe masa jiki kafin a yi masa tiyata, waɗanda jama'a ke kira masu allurar barci. Buƙatata ɗaya ce, kuma gara in faɗe ta tun da fari. A ƙasar nan, abin da mai wannan aiki ke samu yana ƙaruwa ne gwargwadon kusancinsa da birni, alhali an fi tsananin buƙatarsa a inda birni ya yi nisa. Ina roƙon ka juya wannan lissafi a asibitocin da ke hannun jiha kafin wa'adinka na biyu ya cika a watan Mayun 2027.

Bari in fara da aikin kansa, don da yawa daga masu tsara albashi suna ganin allura ɗaya ce a yi a koma gefe. Idan aka shigo da mai naƙuda wadda haihuwa ta gagara, aka ce sai an yi mata aiki, mai allurar barci ne zai fara duba ta: nawa ne hawan jininta, ta zubar da jini ko ba ta zubar ba, yaushe ta ci abinci, akwai alamar jijjiga ko babu. Daga nan ya zaɓi hanya. Mafi yawanci allurar baya ake yi, wato a soka siririyar allura tsakanin ƙasusuwan gadon baya, a zuba magani cikin ruwan da ke kewaye da laka, jiki ya mutu daga ciki zuwa ƙafa, ita kuwa tana farke tana jin kukan jaririnta. Cikin 'yan mintocin farko jininta yana iya faɗuwa warwas, sai an karkata ta ta hagu, an ƙara mata ruwa, an ba ta maganin ɗaga jini nan take. Idan maganin ya haura sama fiye da inda ake so, numfashi yana iya tsayawa, kuma a lokacin babu wanda zai zura mata bututu a maƙogwaro ya riƙa hura mata iska sai shi. Likitan fiɗa idonsa na kan inda yake yanka. Bugun zuciya, da iskar oksijin a cikin jini, da yawan jinin da ya zuba, da farkawar majiyyaci lafiya bayan an ɗinke, duk suna wuyan wannan mutum da ke tsaye a wajen kai. Shi ya sa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 tare da ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ce dole ƙwararren mai wannan aiki ya kasance tare da majiyyaci daga farkon tiyata har ƙarshenta, ba ya fita ko nan da ƙofa.

A ƙa'ida, likita ne da ya ƙware a wannan fanni ya kamata ya jagoranci aikin. To amma ina likitocin? Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ce mafi ƙarancin abin da ƙasa ke buƙata shi ne likita 5 ga kowane mutum 100,000. Ƙididdigar da ta wallafa a 2017 ta nuna Nijeriya ba ta kai ko likita ɗaya ga mutum 100,000 ba, kuma 'yan kaɗan ɗin da ake da su sun taru ne a asibitocin koyarwa da manyan birane. Jiha mai mutum kusan miliyan biyar kamar tamu, da wancan ma'auni za a bi, sai ta nemi irin waɗannan likitoci wajen 250. Kowa ya san ko kusa ba mu kai nan ba, kuma ba za mu kai ba a shekara goma masu zuwa. Saboda haka a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, nas ne ke riƙe da wannan aiki: wanda ya gama karatun jinya, ya yi aiki, sannan ya koma ya ƙara kimanin shekara ɗaya da rabi yana koyon sa barci, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta ba shi lasisi. Ranar da ya tafi hutu ko ya kwanta ciwo, idan shi kaɗai ne, ɗakin tiyata ya rufe ke nan, ko da likita na nan, wuta na nan, kayan aiki sababbi fil.

Yanzu ga yadda kuɗin yake, ranka ya daɗe. Nas biyu za su iya zama aji ɗaya a kwalejin jinya ta Yola, su yi kwas ɗin sa barci tare, su riƙe lasisi iri ɗaya, amma abin da ke shiga asusunsu a ƙarshen wata ya bambanta saboda dalili biyu: wa ya ɗauke su aiki, kuma a wane gari aka ajiye su.

Dalili na farko ya samo asali ne daga tsarin ƙasar. Ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba ana biyan su ne a kan jadawalin albashi da ake kira CONHESS, likitoci kuma a kan CONMESS. Gwamnatin Tarayya ce ke tsara jadawalin, amma takardar umarninta ba ta hawa kan kowa sai asibitocinta. Kowace jiha ita ke yanke nawa za ta ɗauka a ciki, da yaushe, da kuma waɗanne alawus-alawus za ta haɗa. Misali, alawus ɗin haɗarin aiki ya yi shekaru yana naira 5,000 a wata. A Disambar 2021 Tarayya ta ɗaga shi, na masu CONHESS ya koma tsakanin naira 15,000 zuwa 34,000. A tsakiyar 2023 ta sake ƙara kashi 25 cikin ɗari a kan albashin akasarin matakan jadawalin. Duk lokacin da aka yi irin wannan ƙari, ma'aikacin Tarayya ya san nasa na tafe ko da an yi jinkiri, na jiha kuwa sai ƙungiyarsa ta sake zama da gwamnatinsa an yi ciniki daga farko. A garinmu wannan bambanci ba ya buƙatar doguwar tafiya kafin a gan shi. Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta na jiha ne. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, wanda a da ake kira FMC, na Tarayya ne. Kuɗin Keke Napep ne tsakaninsu. Ma'aikatan biyun suna haɗuwa a masallaci da coci da wajen biki, suna kuma nuna wa juna takardar albashi. Duk tazarar da ke tsakanin takardun nan biyu, komai ƙanƙantarta, gayyata ce ga ma'aikacin jiha ya jira ranar da za a buɗe ɗaukar aiki a can.

Dalili na biyu ba ya fitowa a takardar albashi, amma ya fi na farko ƙarfi. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa mai allurar barci da ke zaune a Jimeta ko Yola yana iya samun ƙarin aiki a asibitoci masu zaman kansu bayan ya tashi, a biya shi a kan kowace tiyata. 'Ya'yansa na makaranta mai kyau, matarsa ko mijinta na da wurin aiki, kuma a asibitinsa akwai abokan aiki da za su karɓe shi, ya san daren da zai yi barci a gida. Wanda aka tura Toungo ko Madagali ko Shelleng ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sau da yawa gida biyu yake riƙewa, ɗaya can ɗaya nan, ga kuɗin mota da ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Idan shi kaɗai ne a asibitin, to kullum yana bakin kira, dare da rana, Sallah da Kirsimeti. Matakinsu ɗaya da na birni, albashinsu ɗaya a takarda, amma ɗaya na tarawa ɗaya na cin bashi. Wane mai hankali ne za a ba shi wannan zaɓi ya ɗauki ƙauye?

A saman waɗannan kuma akwai Abuja da Legas, sannan akwai ƙetare. A Fabrairun 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ya bayyana cewa nas-nas 42,000 ne suka bar Nijeriya cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. A tsakanin nan dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500, wato albashin Ingila ko Saudiyya ya ninka fiye da sau uku a idon ma'aikacinmu ba tare da an ƙara wa na can ko sisi ba. Hukumar ta yi ƙoƙarin tsaurara sharuɗɗan tantance takardun masu son fita, nas-nas suka fito zanga-zanga. A ƙarshen Yulin 2025 kuma nas-nas na asibitocin Tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi a kan alawus-alawus da ƙarancin ma'aikata. Idan waɗanda ake ganin su ne a inuwa suna kuka haka, ina ga na jiha, ina kuma ga na ƙauye?

Ma'aikata suna gangarawa ne kamar ruwan damina, daga inda babu zuwa inda akwai. Gurbin Ingila ya ja na Abuja, gurbin Abuja ya ja na asibitin koyarwa, gurbin asibitin koyarwa ya ja na jiha da ke Jimeta, shi kuma gurbin Jimeta a cike shi da wanda ya daɗe yana kai takardar neman canjin wuri daga ƙauye. A ƙarshen layin, wadda ke biyan kuɗin wannan ƙaura ita ce matar da ke naƙuda a inda babu wanda zai maye gurbi.

Ranka ya daɗe, kai ɗan Gulak ne, ba sai an kwatanta maka hanyar Madagali zuwa Yola ba. Kwamitin da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa kan tiyata a duniya ya ba da ma'auni a 2015: ya kamata mutum ya iya isa, cikin awa biyu, asibitin da zai iya yin aiki uku, wato ciro jariri ta tiyata, buɗe ciki na gaggawa, da gyaran karayar da ƙashi ya fasa fata. Daga Numan ana iya cim ma Yola cikin wannan lokaci. Daga Mubi, mai nisan kimanin kilomita 200, da wuya. Daga Michika da Madagali a arewa, ko Toungo a kudu, babu hali, balle da damina, balle da dare a yankunan da mutane ba su manta da hare-haren 2014 ba. Kalmar "a kai ta Yola" tana da sauƙin rubutawa a kati, amma mace mai zubar da jini bayan haihuwa tana iya cikawa cikin awa biyu. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin ƙasashen Afirka, aka wallafa a 2019, ya gano cewa mutuwar uwa bayan tiyatar haihuwa a nahiyar ta ninka ta ƙasashe masu arziki kusan sau 50, kuma zubar jini da matsalolin sa barci suna cikin manyan dalilai. Rashin ƙwararre na kashewa ta hanya biyu ke nan: ko a fasa aikin a ɗora majiyyaci a mota, ko a miƙa allurar sa barci ta ketamin ga wanda bai koyi aikin ba, a yi ta addu'a.

Ba mu kaɗai ke da ƙauyuka masu nisa ba. A Amurka ma nas-nas masu sa barci ne ke riƙe da akasarin ƙananan asibitocin karkara. Matsakaicin albashinsu ya haura dala 200,000 a shekara, kuma ba wannan adadi nake so ka duba ba, don ba sa'anmu ba ne. Abin dubawa shi ne jiha irin Montana, mai faɗin ƙasa da ƙarancin jama'a, tana cikin waɗanda suka fi biyan su da tsoka. Asibitocin can sun gane cewa wanda zai zauna inda kowa ke gudu sai an saya masa dalilin zama.

Na san abin da masu ba ka shawara za su ce. Za su ce idan aka ƙara wa rukuni ɗaya, gobe likitoci da masu haɗa magunguna da ma'aikatan ɗakin gwaji za su zo da tasu takardar, kuma rikicin daidaiton albashi tsakanin ƙungiyoyin lafiya tsohon ciwo ne a ƙasar nan. Gaskiya ne. Maganinsa shi ne a ɗaura ƙarin a kan wurin aiki da nauyin kira, kowa ya gan shi a rubuce. Likitan da ke Toungo da ungozomar da ke tare da shi da mai allurar barcinsu duk su ci alawus ɗin nisa, kuma duk wanda ya koma Jimeta ya bar shi a can. Za su ce babu kuɗi. Amma waɗannan ma'aikata ba dubbai ba ne. Ƙananan hukumomi 21 gare mu. Ko an ce kowace ta sami mutum uku, 63 ake magana. Gwamnatin da ta gina gadojin sama a Jimeta, ta kuma shiga sahun farko wajen biyan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024, ba za a ce riƙe mutum sittin da 'yan kai ya gagare ta ba. Likitoci kuma za su ce nas ba zai maye gurbin likita ba, kuma su ma suna da gaskiya. Abin da ake nema shi ne a haɗa su aiki, likitan da ke Yola ya zama madogarar nas ɗin da ke Ganye.

Ga abin da nake roƙo a taƙaice.

Na ɗaya, ka umarci Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Kula da Asibitoci su kawo maka jerin duk asibitocin jiha masu ɗakin tiyata, da yawan masu allurar barci masu lasisi a kowanne, da shekarun da suka rage wa kowannensu ya yi ritaya, da yawan majiyyatan da aka tura wani wuri a bara saboda babu mai sa barci. A ajiye takardar albashinsu kusa da ta takwarorinsu na Tarayya, mataki da mataki, alawus da alawus. A kuma bayyana sakamakon ga jama'a.

Na biyu, duk inda aka sami tazara a cike ta, a kuma rubuta cikin doka cewa idan Tarayya ta gyara jadawalinta, jiha za ta duba nata cikin ƙayyadadden lokaci. Wannan zai rage yajin aiki, ya kuma rage zaman jiran gurbi a asibitin koyarwa.

Na uku, a kasa asibitocin jiha gida uku gwargwadon nisa da wahalar hanya da yanayin tsaro, a sa alawus mai hawa-hawa. A lissafa shi a matsayin kaso na albashi, domin adadin da aka yanke a naira hauhawar farashi kan cinye shi, kamar yadda ta cinye naira 5,000 ɗin can. Mizanin kuwa mai sauƙi ne: sai wanda ke Madagali ya fi na Jimeta komawa gida da kuɗi, ko bayan an lissafa abin da na Jimeta ke samu a waje. A haɗa da gida a cikin asibiti mai ruwa da wuta, da alkawarin cewa wanda ya cika shekarun da aka yanke zai sami fifiko wajen ƙarin girma da ƙaro karatu.

Na huɗu, kada a bar ɗakin tiyata da mutum ɗaya. Biyu shi ne mafi ƙaranci, uku ya fi, a kuma biya kiran dare gwargwadon daren da aka kwana a bakin aiki. Wanda bai runtsa ba kwana biyu bai kamata a ba shi numfashin wani ya riƙe ba.

Na biyar, a ɗauki nauyin karatun nas-nas daga ƙananan hukumomin da ke da gurbi, da albashinsu cikakke lokacin kwas, bisa yarjejeniyar komawa gida su yi aiki na wasu shekaru. 'Yar Ganye da iyayenta da gonarsu ke Ganye ta fi baƙo yiwuwar zama, kuma tana jin yaren matar da za ta ce wa ta lanƙwasa baya kada ta motsa. Yarjejeniya kaɗai dai ba ta riƙe mutum idan albashin bai riƙe shi ba, shi ya sa na sa wannan bayan na biyu da na uku.

Na shida, a nemi haɗin kan Asibitin Koyarwa na Modibbo Adama, likitocinsa na sa barci su riƙa zagaya manyan asibitocin jiha lokaci-lokaci, a kuma sami lambar da nas zai kira da tsakar dare idan aiki ya rikice. A tabbatar kowane ɗakin tiyata yana da iskar oksijin, da na'urar auna ta a yatsa, da injin tsotse majina, da magungunan gaggawa. Ƙwararre da yawa ya bar ƙauye ne saboda tsoron ranar da majiyyaci zai mutu a hannunsa don rashin abin da bai kai kuɗin tayar mota ba.

Ranka ya daɗe, Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gwamnatinka ta gina sababbin asibitoci, ta gyara tsofaffi, kuma jama'a sun gani. Abin da ya rage shi ne mutanen da za su sa ɗakunan tiyatar su yi aiki da ƙarfe biyun dare. Kasafin kuɗi na gaba yana hannunka, kuma layi ɗaya a cikinsa ya isa a fara. Ina roƙon ka sa a yi ƙididdigar nan cikin wata uku, ka kira shugabannin ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta jiha tare da wakilan masu allurar barcin kansu, musamman na ƙauyuka, ka ji daga bakinsu, sannan ka sa hannu.

Allah ya yi maka jagora, ya ba jiharmu lafiya da zaman lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan jiharka,
Jimeta.